Gida a Kuala Lumpur: Laifin Matasa ne ko na Albashi?

A watan Disamba na 2015, watanni kaɗan bayan gwamnatin Malesiya ta ɗora harajin kashi 6 cikin ɗari a kan kayayyaki da ayyuka, wani mataimakin minista mai suna Ahmad Maslan ya ba 'yan ƙasar shawara: wanda albashinsa bai isa ba, to ya nemi aiki na biyu. Matasa suka yi masa ca. Ba wai sun ƙi aiki ba ne, da yawansu suna yin biyun tun kafin ya faɗa. Abin da ya ɓata musu rai shi ne abin da ke ƙarƙashin maganar, wato duk wanda ya kasa riƙe kansa a Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar, shi ne bai yi ƙoƙari ba.

Wannan zance ba a Malesiya kaɗai ake yinsa ba. A 2017 wani attajirin mai gine-gine a Ostareliya, Tim Gurner, ya ce matasa ba za su mallaki gida ba muddin suna ɓarnatar da kuɗi a kan kofi da karin kumallo mai tsada. A Kuala Lumpur ma haka iyaye ke faɗa, sai dai kayan zargin ne ke canzawa: sabuwar waya, kofin kanti, mota kafin gida, yawon buɗe ido. Matasan kuma suna mayar da martani cewa manya sun sayi gidaje da araha, sun sake saye sun ajiye, yanzu suna karɓar haya daga hannun 'ya'yan wasu suna kuma yi musu wa'azin tattali. Kowa na da ɗan abin kamawa. Amma in aka ajiye zafin rai aka ɗauko lissafi, za a ga an bar jaki ana dukan taiki.

Akwai ma'aunin da masana ke amfani da shi a duniya: gida yana da sauƙin saye ne idan farashinsa bai wuce kuɗin shigar iyali na shekara uku ba. Cibiyar bincike ta Khazanah ta auna birnin da wannan ma'auni a rahotonta na 2015, ta samu cewa a 2014 matsakaicin gida a Kuala Lumpur ya kai ringgit 490,000, matsakaicin iyali kuma na samun ringgit 7,620 a wata. Ke nan gida ya ninka kuɗin shigar shekara sau 5.4. Babban bankin ƙasar, Bank Negara Malaysia, ya zo da irin wannan sakamako ga ƙasa baki ɗaya: a 2016 gidan da matsakaicin iyali zai iya saye bai wuce na ringgit 282,000 ba, alhali matsakaicin farashi a kasuwa ya kai 313,000. Ka lura, ba ƙungiyar ƙwadago ko 'yan adawa ne suka faɗi haka ba. Bankin gwamnati ne.

To mu gwada lissafin kofin nan da ake ta magana. A ce matashi yana shan kofi na ringgit 15 kullum, ya daina baki ɗaya. A shekara ya tara kimanin 5,500. Kafin alƙalami na kashi 10 a kan gidan 490,000 shi ne 49,000. Sai ya yi kusan shekara tara kafin ya haɗa wannan kaɗai, in har farashin ya tsaya yana jiransa. Sauran kuɗin kuma, in banki ya ba shi a kan ribar kashi 4 na tsawon shekara 35, zai riƙa biyan kusan ringgit 1,950 duk wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar, bayan ƙarin da aka yi a Fabrairun 2025, ringgit 1,700 ne. Biyan gidan kaɗai ya fi dukan abin da ƙaramin ma'aikaci ke karɓa, ba a zo maganar abinci ba.

A ganina a nan gizo ke saƙar, wato a albashi. Malesiya ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa sai a 2013, inda aka fara da ringgit 900 a yankin yammacin ƙasar. A rahotonsa na shekarar 2017, Bank Negara ya ƙiyasta abin da mutum ke bukata domin ya rayu da mutunci a Kuala Lumpur: 2,700 a wata ga gwauro, 4,500 ga miji da mata, 6,500 ga masu 'ya'ya biyu. Shekaru bayan wannan ƙiyasi, kaya sun ƙara tsada, amma ƙaramin albashi bai kamo ko adadin gwauron ba, akwai giɓin ringgit 1,000 cur. Masu digiri ma ba su tsira ba. Rahoton bankin na 2018 ya nuna cewa in aka cire hauhawar farashi, albashin da sabon mai difloma ko mai digiri na biyu ke farawa da shi ya ragu in aka kwatanta da na 2010. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan da suka yi karatu mai zurfi suna aikin da bai kai matsayin takardarsu ba. Ga kuma bashin karatu na hukumar PTPTN, wadda aka kafa a 1997, yana biye da su tun kafin albashin farko ya shiga aljihu.

Me ya danne albashin? Tattalin arzikin ƙasar ya bunƙasa, wannan ba shakka. Sai dai kason ma'aikata a cikin arzikin da ake samarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba, ƙasa da abin da ake gani a Singafo ko Koriya ta Kudu. Masana'antu da gonakin kwakwar manja da kamfanonin gine-gine sun saba da leburori masu araha daga Indunusiya da Bangaladash da Nepal da Myanmar, miliyoyinsu. Ban ga laifin baƙon da ya zo neman halaliyarsa ba, shi ma a takure yake kwana. Amma mai kamfanin da ke da tabbacin samun hannu mai araha ba shi da dalilin sayen sabuwar na'ura ko horar da ma'aikaci ya ƙara masa kuɗi. Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa ba su da ƙarfi, 'yan kaɗan ne cikin ma'aikata ke cikinsu. Don haka babu mai tsaya wa ma'aikaci wurin ciniki.

A ɗaya ɓangaren, farashin gida bai hau da kansa ba. Daga Afrilun 2007 zuwa ƙarshen 2009 gwamnati ta dakatar da harajin ribar sayar da gida. Bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008 bashi ya yi sauƙi. Kamfanonin gini suka fito da wani tsari inda mai saye zai ajiye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kamfani ya ɗauki nauyin ribar banki har a gama ginin. Mai ɗan jari sai ya kama ɗakuna uku ko huɗu, ba don ya zauna ba, sai don ya sayar da zarar an miƙa makulli. Ribar da kamfanin ya ce ya ɗauka kuwa tana cikin farashin tun farko. Tsakanin 2012 da 2014 farashin gidaje ya tashi da fiye da ninki biyu na saurin da kuɗin shigar iyalai ya tashi. Hukumomi sun farga: a 2010 an taƙaita bashin gida na uku zuwa kashi 70 na farashi, a 2013 an ƙayyade tsawon bashi zuwa shekara 35, kasafin kuɗin 2014 kuma ya haramta wancan tsari. Amma farashin da ya riga ya hau bai sauko ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba ƙarancin gini ake fama da shi ba. Duk wanda ya bi ta unguwar Mont Kiara ko kewayen tagwayen benen Petronas da dare zai ga dogayen gidaje da tagogi da yawa a duhu. A ƙarshen 2021 cibiyar tattara bayanan kadarori ta ƙasar, NAPIC, ta ƙirga gidaje 36,863 da aka gama ginawa ba a sayar ba a faɗin ƙasar, darajarsu ta kusa ringgit biliyan 23. An gina abin da ya fi riba, ba abin da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya za su iya saye ba. Shirin PR1MA da gwamnatin Najib Razak ta kafa domin masu matsakaicin ƙarfi ya yi alkawarin gidaje 500,000, abin da aka kammala bai kusanci wannan adadi ba. Gidajen talakawa na PPR, da ake haya a kan ringgit 124 a wata, layinsu dogo ne, kuma wanda albashinsa ya ɗan ɗaga bai cancanta ba. Mai digiri da ke karɓar 3,000 ya faɗa tsakiya: ya fi ƙarfin gidan talaka, gidan kasuwa kuma ya fi ƙarfinsa.

Wani ɗan'uwa zai iya tambaya, ai Malesiya ce cibiyar bankin Musulunci, shin wannan bai sauƙaƙa ba? Ya kawar wa mutane damuwar riba ta fuskar shari'a, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai rage farashin fili ko siminti ba, abin da ake biya duk wata kusan ɗaya ne.

Sakamakon yana bayyana a kan hanya tun kafin asuba. Wanda ya kasa saye a cikin gari sai ya koma Rawang ko Semenyih ko Nilai, wasu har Seremban. Daga can sai da mota, shi ya sa bashin motar Myvi na shekara tara da ake zargin matasa da shi sau da yawa ba ado ba ne, ƙafar zuwa aiki ce. Kuɗin da aka rage a gida sai ya tafi a mai da kuɗin hanya da sa'o'in cunkoso. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ma'aikacin Abuja da ke kwana a Mararaba ko Suleja. Bashin iyalai a Malesiya ya kai kusan kashi 84 cikin ɗari na arzikin ƙasa, yana cikin mafi yawa a yankin, kuma kaso mafi tsoka na gida ne. Aure na jinkiri, haihuwa na raguwa: tun 2013 yawan haihuwa ya faɗi ƙasa da abin da zai maye gurbin iyaye, a 2022 ya kai 1.6 ga kowace mace. Tsadar gida ba ita kaɗai ta jawo haka ba, amma wanda ke haya a ɗaki guda ba ya gaggawar tara iyali. Masu ƙwarewa kuma suna tsallakawa Singafo, inda dalar ƙasar ɗaya ta fi ringgit uku.

Duk da haka ban yarda da matasan da ke ɗora wa iyayensu laifin komai ba. Gaskiya ne wanda ya sayi gidan jere a Petaling Jaya a shekarun 1970 ko 1980 ya dace, ma'aikacin gwamnati kuma ya samu bashin gida a kan kashi 4. Amma tsarar nan ita ce ta baro ƙauye bayan sabon tsarin tattalin arziki na 1971, dubbansu suka zauna a unguwannin share-wuri-zauna babu famfo babu lantarki, wasu aka kwashe su zuwa dogayen gidajen katako na wucin gadi a Jinjang suka shekara da shekaru a ciki. Su ne rikicin kuɗi na 1997 da 1998 ya cinye wa ajiya. Su ne suka biya kuɗin gidajen da kamfanoni suka watsar ba a gama ba, banki kuma bai daina karɓa ba. Yau ma da yawansu ba su da komai. A lokacin annobar korona an bar mutane su taɓa asusun fanshonsu na EPF, aka cire kimanin ringgit biliyan 145. A 2023 asusun ya bayyana cewa kusan rabin membobinsa 'yan ƙasa da shekara 55 ba su da ko ringgit 10,000 a ciki. Ɗan shekara hamsin da ke tuƙa motar haya ta Grab da dare ba shi ne ya tsadar da gida ba. Shi da ɗansa albashi ɗaya ne ya cuce su.

Rabuwar ta gaskiya ba tsakanin tsoho da yaro take ba. Tana tsakanin iyalin da ke da kadara da wanda ba shi da ita. Matashin da mahaifinsa zai iya ba shi kafin alƙalami zai sayi gida yana ɗan shekara ashirin da takwas, ko da kullum a kanti yake shan kofi. Abokin aikinsa da ke aika wa iyayensa kuɗi a jihar Kelantan ko Sabah zai kai arba'in yana haya, ko da ruwa kaɗai yake sha.

Ba ina cewa tattali ba shi da amfani ba. Akwai matasan da katin bashi da tsarin nan na ɗauki yanzu ka biya daga baya suka jefa cikin rami, akwai masu cin bashi domin bikin aure na kece raini, kuma wanda ya yi haka ya cuci kansa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai tattali yana aiki ne a kan abin da ya rage bayan haya da abinci da mota. Wanda babu abin da ya rage masa, me zai tattala? Kuma halin mutum ɗaya yana iya bayyana dalilin da ya sa ya fi maƙwabcinsa ko ya kasa shi, amma ba zai bayyana yadda tsara guda cur ta kasa sayen abin da iyayenta suka saya da ƙaramin ilimi ba.

Gwamnatin Anwar Ibrahim ta fara gwajin wani tsari a 2024 na tallafa wa kamfanonin da suka ƙara albashi tare da horar da ma'aikata. Shiga cikinsa ganin dama ne, don haka tasirinsa ba zai yi faɗi da wuri ba. Abin da birnin ke bukata ya wuce haka: albashin da ke bin tsadar rayuwa, dokar haya da za ta kare mai haya da mai gida, da gina gidaje masu sauƙi kusa da tashoshin jirgin ƙasa maimakon bayan gari.

Ga masu karatu a Kano da Kaduna da Abuja, inda mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 70,000 tun Yulin 2024, mai gida kuma yana neman kuɗin shekara a dunƙule, wannan labari ba na nesa ba ne. Kafin uba ya ce wa ɗansa malalaci, ko ɗa ya ce tsarar ubansa ta cinye komai, su zauna su rubuta albashin wata a gefe guda, kuɗin haya da farashin fili a ɗaya gefen. Sannan su ɗauki takardar su kai wa masu yanka albashi da masu raba filaye, domin amsar tana wurinsu.