Zomon zane a cikin garin mutane



Da yawa cikinku kun ga yaranku zaune gaban talabijin suna dariya. Suna kallon ɓera mai wando, ko zomo mai magana. Waɗannan dabbobi zane ne. Mutum ne ya zana su da hannu, hoto bayan hoto. A sinima, hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ido ke ganin kamar suna motsi. Mu ma a Nijar mun yi gwanin wannan aiki, marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa. A 1966 ya yi fim na kwaɗi, inda shugabansu ya tafi ziyara wata ƙasa.

Amma kafin a zana, kafin a ɗauki hoto, sai an rubuta. Kowane fim takarda ne da farko. A ciki ake faɗin wurin da abu ya faru, da wanda ya shigo, da abin da ya ce. Masu kuɗi su karanta, su auna, sannan su yarda ko su ƙi. To, da me ake aunawa? Mu ɗauki misali guda.

A 1988 aka fito da wani fim a Amurka mai suna Who Framed Roger Rabbit, wato wa ya ƙulla wa zomo Roja sharri. Mutum biyu suka rubuta shi, Jeffrey Price da Peter Seaman. Sun ɗauko tushen daga wani littafi na Gary Wolf, na 1981. Labarin yana faruwa a birnin Los Anjalas a 1947. A ciki, dabbobin zane suna zaune da mutane, suna aiki, ana biyan su. An tuhumi Roja da kisan kai. Sai ya nemi taimakon wani mai bincike, Edi, wanda ba ya ƙaunar ƴan zane, don ɗayansu ne ya kashe ɗan uwansa.

Mai auna irin wannan rubutu yana fara duban hali. Ku tuna da Gizo. In wani ya rubuta cewa Gizo ya zo kasuwar Maraɗi ya zama mai gaskiya, ba ya cutar kowa, za ku ce wannan ba Gizo ba ne. Haka nan ga ɓera Miki, wanda aka sani tun 1928, da zomo Bags Bani, wanda aka sani tun 1940. A fim ɗin, Edi yana faɗowa daga dogon bene, ya roƙe su lemar sauka. Bags ya miƙa masa abu, ya buɗe, ashe tayar mota ce. Halinsa ke nan, bai sake ba.

Sai babbar matsala. Ɗan zane ba ya mutuwa. A danne shi da dutse ya baje kamar waina, ya tashi ya kakkaɓe. To, in ba abin da zai same shi, don me mai kallo zai ji tsoro dominsa? Nan marubutan suka yi dabara. Suka kawo mugun alƙali mai wani ruwa, haɗin magungunan wanke fenti. Duk ɗan zanen da aka tsoma ciki ya narke, ba ya dawowa. Alƙalin ya ɗauki wani ɗan takalmin zane da bai yi laifin kome ba, ya tsoma shi a gaban jama'a. Daga nan dariya ta gauraya da fargaba. A ganinmu, wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a rubutun duka.

Akwai inda ya yi rauni. Alƙalin yana son ya rushe unguwar ƴan zane, ya kashe jiragen dogo na cikin gari, don a yi babbar hanyar mota. Wannan zance yana da sarƙa, yaro ba ya bin sa. Haɗuwar Miki da Bags kuma ba ta ciyar da labarin gaba sosai. Miki na kamfanin Disney ne, Bags na Warner. Sai da aka yi yarjejeniya a nuna su daidai wa daida kafin Warner ya ba da aron nasa.

Abu na ƙarshe, mai auna yana tambaya: wannan da aka rubuta, zai yiwu a yi shi? Bob Hoskins, wanda ya fito a matsayin Edi, ya yi ta magana da iska, ba zomo a gabansa. Sai da aka gama ɗaukar hoto masu zane suka sa Roja a ciki, hoto bayan hoto.

Ga aikinku na wannan mako. Ku rubuta layi biyar: Gizo ya shiga tashar mota ta garinku, ba ko dala a aljihunsa. Ku kai wa malaminku, a karanta a aji, ƴan uwa su faɗi ko sun gane shi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.