Rahoton da Kwamfuta ke Aikawa In Ta Cije

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama gaban kwamfuta ya san wannan takaici: ana tsakar aiki sai manhaja ta cije, ta rufe kanta, sannan wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a aika rahoto ga waɗanda suka ƙera ta. Galibi akan danna "a'a" cikin fushi. Ƙalilan ne suka san abin da rahoton ya ƙunsa da inda yake zuwa.

Amfaninsa dai a fili yake. Mai gyara ba ya gyara abin da bai gani ba, shi kuwa mai amfani da manhaja iyakar bayaninsa shi ne "ta mutu". Rahoton yana ɗaukar hoton halin da manhajar take ciki a daidai lokacin faɗuwarta: layin umarnin da ta tsaya a kai, irin injin, da wani yanki na ƙwaƙwalwarsa. In rahotanni dubbai suka taru, sai a tara masu kama da juna wuri guda, a fara da kuskuren da ya fi addabar jama'a. A 2002 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya bayyana cewa kashi 1 cikin 100 na kurakuran manhajojinsu ne ke haddasa rabin matsalolin da ake samu.

Masu manhajojin da rubutunsu ke buɗe ga kowa, waɗanda da yawansu ƴan sa-kai ne, sun fi kowa bukatar wannan ƙidaya, domin ba su da rundunar masu gwaji. Firefox ya daɗe yana dogara da Talkback, wani kayan aiki da rubutunsa a rufe yake, abin da bai yi wa magoya bayansa daɗi ba, har zuwa 2008 da aka maye gurbinsa da Breakpad. Ubuntu na da Apport, Fedora kuma ta shigo da ABRT a 2009.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne wancan yanki na ƙwaƙwalwa. Abin da mutum ke rubutawa lokacin da manhajar ta faɗi yana iya shiga ciki: lissafin bashin ɗan kasuwa, sunayen masu karɓar albashi, ko ma kalmar sirri. Shi ya sa Ubuntu ke ɓoye irin waɗannan rahotanni daga idon jama'a har sai an tace su. A ƙarshen 2013 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka, NSA, tana tsintar rahotannin Windows a kan hanyarsu, don gane raunin injunan da take hari.

Su ma na buɗe ba su tsira daga tuntuɓe ba. A Disamban 2017 Mozilla ta gano cewa Firefox yana aika wasu rahotanni ba tare da izinin masu shi ba. Ta fitar da gyara mai lamba 57.0.3, ta kuma goge rahotannin da ta tara, har da waɗanda aka aiko da yardar rai, tun da ba ta iya rarrabe su. Asara ce ga masu gyara, amma ita ce hanyar da ta dace.

Akwai kuma wani gefen da ya shafi ƙasashe irin Nijar. Ana gyara ne bisa yawan rahoto. Tsohuwar kwamfutar wani ofishi a Tawa ko Damagaram, wadda intanet ke zo mata yana ɗaukewa, ba ta cika shiga lissafi ba, saboda haka kuskuren da ya keɓanta da irinta yana iya shekara ba a taɓa shi ba. Manhajojin buɗe da dama suna ba da damar duba abin da za a aika kafin a danna. Mai shugabantar ofishi yana iya tsaida doka: in takardar sirri ce a buɗe, a ƙi, in aikin yau da kullum ne, a duba, a aika.