Rikicin Iyakar Bashi a Amurka: Wa Ke Biya?

Duk bayan 'yan shekaru sai labari ya karaɗe gidajen rediyo cewa gwamnatin Amurka na dab da kasa biyan bashi. Mai sauraro sai ya riƙe baki: ƙasar da ke buga dala? Ba talauci ba ne. Wata doka ce da ta samo asali tun 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, wadda ta sa majalisa ke ƙayyade iya bashin da baitulmali zai ciwo.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ɗaga wannan iyaka ba izinin sabon kashe kuɗi ba ne. Majalisar ce da kanta ta zartar da kasafi, ita ta rage haraji, giɓi ya fito. Kamar mutum ne ya cinye tuwo a rumfar mai abinci, ya wanke hannu, sannan ya zauna yana shawarar ko zai biya.

A 2011 aka fi ganin tashin hankali. Bashin ya kai iyakar dala tiriliyan 14.3, 'yan Republican ƙarƙashin kakakin majalisar wakilai John Boehner suka ce ba za su ɗaga ba sai an zaftare kashe kuɗi, kuma ko sisi ba za a ƙara na haraji ba. Shugaba Obama ya ce a taɓa aljihun attajirai, a ƙyale iyalin da abin da suke samu a shekara bai kai dala 250,000 ba. Sai ranar 2 ga Agusta, ranar da wa'adi ke cika, aka sa hannu. Duk da haka, bayan kwana uku kamfanin auna darajar bashi na Standard & Poor's ya rage darajar bashin Amurka, karon farko a tarihi. A watan ne attajiri Warren Buffett ya rubuta a jaridar New York Times cewa kason harajin da yake biya bai kai na ma'aikatan ofishinsa ba.

Kowane ɓangare na rantsuwa cewa masu matsakaicin ƙarfi yake karewa, wato malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, direban babbar mota. To amma ina kuɗin suke tafiya? Kaso mafi tsoka na tafiya ne ga fanshon tsofaffi, kula da lafiya, soja da kuɗin ruwan bashin. Tsofaffi kuwa suna fita zaɓe, don haka ba ɗan siyasar da ke son taɓa fanshonsu. Sai wuƙar ta sauka kan wanda ba shi da murya. A sulhun Shugaba Biden da kakakin majalisar wakilai Kevin McCarthy na Yunin 2023, an tsaurara sharaɗin aiki ga wasu masu karɓar tallafin abinci har zuwa 'yan shekara 54, aka kuma tabbatar da cewa ɗalibai za su koma biyan bashin karatu.

Ni a ganina wannan iyaka sandar ciniki ce kawai, wadda jam'iyyar da ba ta riƙe da fadar White House ke barazana da ita. A Yulin 2025, da mulki ke hannunsu, 'yan Republican ɗin nan ne suka ƙara dala tiriliyan 5 a kan iyakar, a cikin dokar da ta tsawaita rangwamen harajin Trump na 2017, ta kuma rage kuɗin Medicaid, shirin lafiyar marasa galihu.