Rajistar Raƙuman Dawa: Daga Kure Zuwa Gadabeji

Yau shirin namu ya yada zango a Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma ke kiwo a bakin gonakin gero.

A 1996, guda 49 kacal suka rage. Fari da farauta da saran itatuwa sun kusa ganin bayansu. Yanzu sun haura 600, kuma wannan adadi ba shaci-faɗi ba ne.

Ga yadda ake yi. Da damina, lokacin da garken ke taruwa a kan tudu, malaman daji da masu bincike da 'yan rakiya na ƙauyukan yankin sukan bazama da kyamara. Kowane raƙumi sai an ɗauki hotonsa dama da hagu, domin zanen jikinsa nasa ne shi kaɗai, tamkar zanen ɗan yatsa. Daga nan a duba kundi: wannan tsohuwar sani ce, waccan ta haihu, wancan an kwana biyu ba a gan shi ba. Aiki ne na haƙuri, ga rana ga ƙaya. Wasu raƙuman kuma an maƙala musu 'yar na'ura mai aiki da hasken rana a ƙaho, tana aika wa tauraron ɗan'adam duk inda suka sa ƙafa, har lokacin da suke gangarawa kwarin Dallol Bosso da rani neman ganyen gawo.

Amfanin kundin ya wuce ƙidaya. Shi ya nuna wa hukuma cewa garken na ƙaruwa alhali dajin na tsukewa; manoma dai sun riga kowa sani, tunda wakensu da mangwaronsu ne ke shan wahala. Ga kuma haɗarin tara su wuri guda: annoba ɗaya ta isa ta share su.

Shi ya sa a 2018 gwamnatin Nijar da ƙungiyoyin kare namun daji suka ɗebi guda 8 a mota, tafiyar sama da kilomita 800, zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga raƙumin dawa ba. Gandun ya shiga jerin UNESCO a 2017. A 2022 an ƙara kai wasu, su ma kowanne da hotonsa a kundi, masu gadin daji na bin sawunsu a tsakanin garkunan Fulani da Buzaye.