Balangu da zoɓo, kifi da lemon tsami: Me ya fi dacewa a kora nama da shi?

Da an idar da sallar Magariba a Sandamu, garin da ke kan titin Daura zuwa Kano, hayaƙin tukuba ke fara kiran jama'a. Wannan ya ce a yanka masa balangu, wancan ya ce tsire, wani kuma ya nufi wajen mai suyar kifi. Sai dai kusan kowa abu ɗaya yake korawa da shi: lemon kwalba.

A wasu ƙasashe, zaɓen abin da za a sha da nama ilimi ne mai zaman kansa. A gidajen abinci na Italiya, farar giyar inabi ake kawowa da kifi, ja kuma da gasasshen naman sa, kamar yadda mutanen birnin Florence ke haɗa nasu da Chianti. Giya haramun ce ga Musulmi, amma dalilin haɗin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: tsami ne ke yanke maiƙo.

Shi ya sa balangu mai kitse ya fi tafiya da zoɓo ko jiƙon tsamiya. Kurɓa ɗaya za ta wanke baki, naman ba zai ginshi mutum da wuri ba.

Tsire da kilishi kuwa matsalarsu yaji ce. Ruwa ba ya kashe raɗaɗin barkono, domin sinadarin da ke kawo zafin ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Nono ko kindirmo ne maganinsa, don haka mai kora tsire da fura bai yi kuskure ba.

Shi kuwa kifi, tarwaɗa ce ko karfasa, ƙarni ne aibinsa. Lemon tsami na kwantar da ƙarnin, ko an matsa shi a kan kifin ko an haɗa shi da citta an sha.

To ina illar lemon kwalba? Sukari. Robar Coca-Cola mai rabin lita na ɗauke da kusan giram 53, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a yini. Ko harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora bai raba shi da teburin mai nama ba.

Akwai kuma batun aljihu. Kuɗin zoɓo da kunun aya a hannun matan gari yake tsayawa, na fura da nono kuma ya koma ruga. Amma su ma masu haɗawar da sauran aiki a gabansu: ruwa mai tsafta, roba wankakkiya, da sassauta hannu wajen zuba sukari. In ba haka ba, an gudu ne ba a tsira ba.