Fetur mai gamin itanol da tsofaffin injinan jiragen ruwa

A wajen shekarar 2006 matatun mai na Amurka suka daina zuba wa fetur sinadarin MTBE, bayan an gano yana gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Suka maye gurbinsa da itanol, barasar da ake tacewa daga masara, wadda wata doka ta 2005 ta riga ta wajabta ƙara amfani da ita. Gamin da ya mamaye gidajen mai shi ne E10, wato kashi 10 cikin ɗari itanol, sauran fetur. Direbobin mota ba su ma lura da sauyin ba, amma masu tsofaffin jiragen ruwa sai suka dinga sintiri wajen makanikai. Wasu na cewa man ne ba shi da kyau. A ganina man lafiyarsa lau, sai dai don mota aka tsara shi, kuma rayuwar jirgin ruwa ba irin ta mota ba ce.

Tushen matsalar ruwa ne. Itanol yana jan laima daga iska. Tankin motar zamani a rufe yake ruf, kuma mai ba ya daɗewa a cikinsa. Tankin jirgi kuwa yana da kafar shan iska, yana zaune a kan ruwa dare da rana, kuma a ƙasashen sanyi yakan yi watanni a ajiye ba a tayar da inji ba. E10 yana iya riƙe ruwa kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Idan ya wuce haka, ko sanyi ya sauko, sai itanol ya rabu da fetur ya bi ruwan, su kwanta a gindin tanki kamar yadda gasara ke kwantawa a ƙasan ƙwarya. A daidai wurin nan bututun tsotsar mai yake. Feturin da ya rage a sama ƙarfinsa ya ragu, na ƙasa kuma ba ya kamawa da wuta yadda ya kamata. Abin ya fi muni ga injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, domin baƙin man yana tare da fetur a sama, sai ƙarafan inji su yi ta gogar juna a bushe. Kuma da zarar rabuwar ta auku, babu maganin kwalba da zai mayar da su. Sai an zuƙe tankin.

Sai kuma halin itanol na narkar da abubuwa. Jiragen da aka ƙera da tankin faiba kafin shekarun 1990, irin wasu na kamfanin Bertram, sun sha wahala, don itanol yana cin ƙaron da ya riƙe faibar, ya kai shi cikin inji ya daskare a kan bawul. Tsofaffin tiyo na roba suna laushi ko su tsattsage, dattin da ya shekara manne a bangon tanki ya saki ya toshe kabureta. Ita kanta kaburetar ba ta da kwamfutar da za ta gane cewa man ya zo da iskar oksijin a jikinsa, don haka injin yakan fi yin zafi.

Masu kare gamin suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa ruwa ya daɗe yana shiga tankin jirgi tun kafin itanol, har ma E10 yakan shanye 'yan ɗigon da ke ciki ya ƙone su. Gaskiya ne, muddin ana ƙona man da wuri. Jirgin da ke aiki kullum da wuya ya ga rabuwar. Suna kuma nuna Brazil, inda gamin ya kai kashi 27 a 2015. To, amma Brazil tun 1975 take wannan tafiya, kayan injinta sun saba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce gyaran ba gagara ba ne: a sauya tiyo, a sa matatar da ke raba ruwa da mai, a cika tanki kusan baki kafin ajiya. Sai dai sauya tankin faiba da aka gina a cikin gangar jirgi yakan buƙaci yanka dandamalinsa, kuma motar da ta mutu a hanya gefen titi take tsayawa, jirgi kuwa igiyar ruwa ce ke tafiya da shi.

Hukumomi ma sun amince da bambancin. Da Amurka ta halatta E15 ga motocin 2001 zuwa sama, ta haramta zuba shi a jiragen ruwa. Da Birtaniya ta koma E10 a Satumban 2021, ta bar E5 a gidajen mai saboda tsofaffin injina. Najeriya ta sa E10 a manufarta ta makamashin tsirrai tun 2007, kuma injinan da ke tura kwale-kwale a Yawuri da tafkin Chadi da yawansu masu kabureta ne, mansu kuma a jarka ake ajiye shi. Duk ranar da aka aiwatar da manufar, wajibi ne a rubuta yawan itanol a jikin famfo, a kuma bar fetur marar gami a garuruwan bakin ruwa.