Kafin Ku Ɗauki Hanyar Kudu

Bayan an gama girbi, ƙungiyoyin manoma na ikilisiyoyinmu sukan so su je kudu su ga yadda ake noman rogo, doya da kwakwar manja. Abu ne mai kyau, gama gani ya kori ji. Amma kuɗin motar nan gumin manoma ne, kada ya tafi a banza. Mun taɓa isa wata gonar gwaji ran Asabar da yamma, muka tarar ma'aikata sun tashi sai Litinin. Laifinmu ne, ba mu aika da wasiƙa ba. Don haka ku fara rubuta wa kowane wuri, ku sami amsa, sa'an nan ku yanke ranar tashi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Janairu ko Fabrairu. Ruwa yakan riga sauka a kudu, tun wajen Maris, ga shi kuma a makon Kirsimeti motoci sukan cushe a gadar Anaca.

Ga shirin kwana 10 ga masu tashi daga Jos:

Litinin: Ku bi ta Akwanga da Lafiya, ku kwana a Makurdi. Kada ku wuce nan, domin tun 2021 an sha rufe kasuwanni da tashoshin mota ran Litinin a jihohin gabas.

Talata da Laraba: Ku bi ta Otukpo da Inugu zuwa Umuahia. Kusa da nan ne Umudike take, inda ake binciken rogo, doya, dankali da makani.

Alhamis da Jumma'a: Ku bi ta Owerri, ku ƙetare Kwara a Anaca. Tsohuwar gada ta 1965 tana nan, an kuma buɗe ta biyu a 2023. Daga Asaba sai Benin, inda cibiyar binciken kwakwar manja take a bayan gari.

Asabar zuwa Litinin: Ku bi ta Ore da Ijebu-Ode zuwa Ibadan. Ran Lahadi ku yi sujada tare da 'yan'uwa, direba ma ya huta. Ran Litinin ku ziyarci IITA, wadda aka kafa a 1967, ku ga aikinsu a kan rogo, masara, wake da waken soya.

Talata da Laraba: Ku juyo ta Akure da Okene, ku kwana a Lakwaja, kashegari sai gida ta Abuja da Keffi.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada rana ta faɗi muku a kan hanya. Ku tashi da asuba, ku sauka kafin ƙarfe biyar. Idan direba ya ce ya san hanya ko da dare, ku gode masa, ku kwana. Kowane mutum a motar nan yana da iyali masu jiransa.

Kafin tashi, makanike ya duba birki, tayoyi da fitilu. Ku ga lasisin direba, inshora da takardun mota da idonku, gama shingaye suna da yawa. Kada ma'aji ya riƙe dukan kuɗi shi kaɗai, ku raba wa mutum uku. Ku nemi takarda daga Fasto zuwa ga ikilisiyoyin da za su sauke ku. Ku tafi da mai jin Turanci sosai, domin Hausa ba za ta kai ku ko'ina ba sai a unguwanni irin su Sabo a Ibadan. Mata su sami kujeru a motar, tun da su ne masu sarrafa rogo. Kowa ya riƙe gidan sauro da littafin rubutu.

In za ku sayo itacen rogo na shuka, ku bari sai Ibadan, don kada ya bushe a mota. Kada ku yanko na gonar bakin hanya, mai yiwuwa ne ku kawo wa ƙauyenku cuta. Ku tambayi ma'aikatan irin da ke jure dogon raninmu, da yadda za ku ajiye shi har ruwa ya sauka.

Da kun dawo, ku tara jama'a bayan sujada ku ba su labari dalla-dalla. Su ne suka aike ku. Ubangiji ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya.